Wasiƙa zuwa ga Auta, kan injin da ke sauya wuƙa da kansa

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan ƙasar Ringim lafiya lau, an gama kai gero rumbu, hunturu ya fara kaɗawa.

Bidiyon injinku na yankan ƙarfe da ka turo wayar yayanka na kalle shi ya fi sau biyar. 'Yan majalisa sai salati suke yi, ganin hannun ƙarfe ya fizge wuƙa, ya juya, ya cusa wata kafin mutum ya ƙifta ido. Ni kuwa ƙofar injin na zuba wa ido. A buɗe take, Auta, injin kuma yana aiki. Na san abin da aka yi, an toshe makunnin tsaron ƙofar ne, wanda ke hana injin aiki in tana buɗe, don a riƙa leƙa aiki. Shi ya sa na ɗauki biro. In waya na kira, "to Baba, to Baba" za ka yi ta ce mini har katin ya ƙare.

Ka san a masana'antun Sharaɗa na ci ƙuruciyata, kan injin hannu, sai dab da zan bar aiki aka kawo mana mai kwamfuta irin naku, CNC. Abin da ya fi ba ni wuya in saba da shi shi ne shirunsa. Injin hannu in ya yi shiru ya kwanta ke nan, sai ka tashe shi. Wannan in ya yi shiru, jira yake. Da ya karanto M06, umarnin sauya wuƙa, a layi na gaba, sandar da ke juya wuƙa za ta tsaya ta daidaita kanta, kan injin ya haye sama, hannun ya cafki wuƙa biyu lokaci guda, ya zare su ƙasa, ya juya digiri 180, ya mayar sama. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Ba ya gyaran murya, ba ya sallama.

Ka fahimci abin da ke riƙe wuƙar tukuna. Sifirin ne, wato spring, jere a cikin sandar, kamar an kifa ƙananan faranti kan juna, su ke jan ƙusar da ke ƙeyar mariƙin wuƙa. Iska ce ke danne su su saki. To in iskar ta gaza, yawanci matsin wajen bar 6 a agogon iska irin waɗannan injuna ke so, sai sauyin ya tsaya a rabi. Don haka kowace safiya ka fara duban agogon iska, ka tsiyaye ruwan da ya kwana a tankin kwamfaresa.

Ranar da za a ɗauke wuta hannun yana tsakiyar juyi tana nan tafe, a Kano kake. Mu ta zo mana wata Alhamis da la'asar. Hannun ya maƙale a karkace, wuƙa na reto a bakinsa. Wani abokin aikina, mutum mai kirki mai 'ya'ya huɗu, ya ce bari ya taimaka masa. Ya zura hannu da ƙaramin ƙarfe yana ɓanɓara. Wuta a kashe take, amma tanki cike yake da iska. Abin da ya tokare na gocewa, hannun ƙarfen ya ƙarasa aikin da ya faro. Ƙarar ba ta fi ta karya kara ba. Har yau in na tuna yadda ya tsaya yana kallon yatsunsa, bai ma fara jin zafin ba, sai abinci ya fita raina.

Saboda haka in ya maƙale, danna jan maɓalli, ka ja da baya. Injin yana da tsarin warware kansa mataki-mataki, yana cikin littafinsa, ka karanta shi tun ranar bai zo ba. Shimfiɗa katako a kan teburin don wuƙar in za ta faɗo ta faɗa kansa, kada ka tara mata tafi. In kuwa dole sai jiki ya shiga ciki, a kashe babban makunni, a rufe iska, a sace wadda ta rage a bututu har agogo ya koma sifiri, ka sa kwaɗo, mabuɗin yana aljihunka. Aljihunka na ce, ba a rataye a ƙusa ba.

Ƙusar ƙeyar nan kada ka raina ta don ƙanƙanta. Mariƙin wuƙa samfurin BT40 da na CAT40 a ido kamar Hassan da Husaini suke, amma ƙusarsu da wuyan da hannun ke kamawa sun bambanta. Wadda aka tsinto a kasuwar Kofar Ruwa don ta yi arha, in ba irin ta injinku ba ce, a bar ta. Wadda ta tsage ko ta cinye a yar. In ta karye sanda na gudun dubbai a minti, wuƙar ta zama harsashi, ƙofar nan da kuka buɗe kuwa ita kaɗai ce tsakaninka da ita. Jikin mariƙin da ramin da yake shiga ka goge su da tsumma mai tsabta, balle yanzu da ƙura. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya isa ya sa wuƙa ta zauna a karkace. Wuƙa mai faɗi a bar mata gurbin dama da na hagu fanko a ma'ajiyar wuƙaƙen injin, mai nauyi kuma a duba iyakar da littafi ya yanka.

Lambar T, ta wuƙa, da lambar H, ta tsawonta, su dace. In ka kira wuƙa ta 5 kwamfuta na lissafi da tsawon ta 3, in ta 5 ta fi tsawo, za ta soka ta cikin aikin da ƙarfinta duka. Sabon aiki ka tafi da shi layi-layi, ka rage gudun, yatsanka na kan maɓallin tsayarwa. In za ka cire wuƙa da kanka, riƙe mariƙin da kyau kafin ka danna sakin, don faɗowa take yi, kuma kada ka kama ta wajen kaifi. Zobenka na azurfa, da agogo, da carbi, su zauna a akwati. Doguwar riga ta masallaci ce. Safar hannu kuwa kada ta kusanci abin da ke juyawa.

Maganar ƙofa, kada ka yi wa ogan naku tsaye a gaban yara. Same shi shi kaɗai bayan sallar azahar, ka gaishe shi, ka ce mahaifinka tsohon ma'aikaci ne ya ga bidiyon, ya roƙi arziki a mayar da makunnin. Ɗora laifin a kaina. In ya ƙi, ka sanar da ni, ina da sauran mutanen da na sani a Sharaɗa da Bompai.

Innarka ta ba direban motar Asabar ƙullin kuka da daddawa da ɗan yaji, ka je tasha da wuri ka karɓa. Ta ce in tambaye ka ko bargon nan yana isarka. Ka sake turo mini bidiyon in an gyara, ina so in ga ƙofar a rufe.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.