Wa Zai Biya Mu Ɓarnar da Ramukan Hanya Ke Yi wa Motocinmu?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci ƙwarai da maganar baƙonku a shirin daren Talata, da ya ce wai direbobi ne ke jawo wa kansu asara da gudun ganganci, wanda rami ya karya wa mota kuma ya ɗauka tsautsayi ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai gabatarwa bai ce masa uffan ba, "Allah ya kyauta" kawai ya ce, ya wuce talla. Ni direban haya ne, da motar nan nake ci da iyali, kuma ina so jama'a su ji tawa kamar yadda suka ji tasa.

A daminar bara na ɗauko fasinja da yamma, ruwa ya kwanta a kan kwalta ya rufe wani rami, ga tirela ta taho ta gabana, babu wurin kaucewa. Wallahi ba gudu nake ba. Taya ta fashe, wili ya lanƙwashe, shokozoba ta tsiyaye, ƙafar motar ta karkace har sitiyari ya daina jin magana. Mata da ƙananan yara na tsaye a bakin daji har duhu ya yi, kowa na waige-waige saboda halin da ake ciki. Na mayar musu da kuɗinsu, na biya janwe, na biya bakanike. Mai mota kuwa balas ɗinsa kawai ya sani. Awakin uwargida aka kai kasuwa kafin motar ta koma tasha, har yau kuma mai kayan gyara yana bi na bashi.

Ramin nan babu direban da bai san shi ba. Ya daɗe har yaran ƙauyen sun mai da shi sana'a, suna zuba masa jar ƙasa ana jefa musu naira hamsin, ruwa ya zo ya wanke, gobe su sake zubawa. Wani bawan Allah ya taɓa kafa reshen bishiya a ciki don a riƙa hangowa. Manya suna wuce shi da jiniya. To ramin da kowa ya sani, aka bar shi damina ta zo ta wuce, ta yaya ya zama tsautsayi? Sakaci ne, kuma mai sakaci shi ke biya. Mun yarda da ƙaddara, amma malamai sun karantar da mu cewa wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a wani ya faɗa, lamuni na kansa. Su ne kuma suke kawo mana yadda Sayyidina Umar yake tsoron Allah ya tambaye shi ko da dabba ce ta yi tuntuɓe saboda ba a gyara mata hanya ba.

Na je ofishin da aka ce shi ke kula da hanyar, da hotuna a waya da rasit ɗin gyara. Suka ce ba tasu ba ce. Inda suka tura ni aka ce an ba ɗan kwangila. Wani ma'aikaci ma dariya ya yi mini, ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya zo neman diyyar rami ba. Amma da ni ne na kaɗe turken fitilar titi, da motata ba ta bar hannun hukuma ba sai na biya ko sisin kwabo. Kullum ana tare mu a duba taya, a duba birki, a duba takardar lafiyar mota. Inshorar motar gida da ake yanka naira 5,000 an mai da ita 15,000 tun Janairun 2023, ita ma wanda ka buge take biya, ba ta san da taka motar ba.

Wani lauya da ke gefen baƙon naku a shirin ya ce wai ƙofar kotu a buɗe take. Me ya sa bai faɗa wa masu sauraro cewa akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce sai ka shigar da ƙara cikin wata uku ba? Wata ukun nan direba yana can yana fafutukar kuɗin gyara. Bai kuma faɗa ba cewa ko ka yi nasara, ba za a taɓa kuɗin da ke hannun hukuma a biya ka ba sai Antoni Janar ya amince, wato lauyan wadda ka kai ƙara. A Ingila, inda muka gaji tsarin shari'armu, dokar hanyoyi ta 1980 ta ɗora wa hukuma nauyin gyaran titi, mutum yana cike takarda ya nemi diyya, ita hukumar ce za ta nuna cewa ta yi iya abin da ya kamata. Mu ma an kafa FERMA, hukumar gyaran hanyoyin gwamnatin tarayya, tun 2002, gyaran dokarta na 2007 kuma ya tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da dizal don kula da hanyoyi. Wannan ita ce tambayar da ya kamata mai gabatarwa ya yi: ina wannan tanadin ya kwana?

 

Ina roƙon ku sake gayyato baƙon nan, ku kuma aika tashar mota a zo muku da direba da bakanike su zauna kusa da shi. A tambaye shi ofishin da mutum zai kai rasit ɗinsa, da sunan takardar da zai cike. Nawa rasit ɗin suna nan a ajiye, in an kira ni zan zo da su.

Naku mai sauraro,
wani direban haya daga Zariya.