A Fayyace Mana Ƙa'idar Tafiya da Sandar Snuka a Jirgin Sama

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, da kamfanonin da jiragensu ke jigila tsakanin Bauchi, Gombe, Abuja da Legas, zuwa ga wani lamari da mai hange daga nesa zai ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa ga wanda abin ya shafa asarar dukiya ce da ta sana'a a lokaci guda. Ina nufin yadda ake tafiya da sandar buga snuka mai tsada a jirgin sama. Ina da ɗan gidan snuka a nan Bauchi, kuma na shaida yadda samarin da suka fara wasan a teburan bakin titi na Wunti da Yalwa suka kai ga ana gayyatarsu gasa a wasu jihohi, har wasu daga cikinsu suna tara kuɗi wata da watanni domin a sayo musu sanda daga Dubai ko Ingila ko Sin. Na san akwai masu ganin wasan a matsayin zaman kashe wando ko ƙofar caca, kuma wannan muhawara ce mai zaman kanta, amma kayan da mutum ya saya da guminsa ya damƙa wa kamfani amana ne, ko da wane ne mai su.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan sanda ba zai yi wuya ya gane raunin da ke tattare da ita. Tsawonta kan kai inci 57 ko 58, wato kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta kuwa bai wuce rabin kilo da ɗan wani abu ba. Ana sassaƙa gabanta da itacen ash ko na mapul, a yi wa gindinta ado da baƙin itace dangin kanya, sannan a manna wata 'yar fata a kanta wadda faɗinta ke tsakanin milimita 9 zuwa 13, gwargwadon irin wasan da za a buga. Idan mai saye yana so ya tabbatar da lafiyarta, sai ya kwantar da ita a kan tebur ya mirgina ta a hankali, ya sunkuya yana kallon kan. Muddin ya ga kan yana ɗagawa yana sauka, ko haske yana ɓullowa ta ƙarƙashinta yana ɓacewa, to ta lanƙwashe, kuma darajarta ta faɗi nan take ko da ido bai ga tsaga ba. Sandar ƙwararru takan kai ɗaruruwan daloli, wadda gwani ya sassaƙa da hannu kuma takan haura dala dubu.

Duk da haka, kuɗin shi ne mafi sauƙin abin da ake rasawa, domin hannun ɗan wasa yana sabawa da nauyin sandarsa da santsinta da yadda take amsa bugu, sabon da ba a sayensa a kanti. Stephen Hendry, ɗan Sikotland, ya ci kofin duniya na snuka sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da sanda guda wadda ya mallaka tun yana yaro a kan fam 40 kacal. A shekarar 2003, yana dawowa daga wata gasa a nahiyar Asiya, sandar ta karye a cikin kayan jirgi. Da za a biya shi diyya bisa rasidi, fam 40 ɗin nan za a miƙa masa.

Ba na cikin masu neman a bar ɗan wasa ya shiga da sandarsa wurin zaman fasinjoji. Gindinta yana da nauyin da zai iya fasa kan mutum, kuma tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 ƙasashe suka tsaurara doka kan duk abin da za a iya duka da shi a cikin jirgi. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka ta taɓa sanarwa a 2013 cewa za ta sassauta, ta bar ƙananan wuƙaƙe da sandunan wasa irin wannan su shiga, amma ma'aikatan cikin jirgi da wasu 'yan majalisa suka yi mata ca, ta janye shirin a watan Yuni na wannan shekarar, kuma a ganina ma'aikatan ne suke da gaskiya. Saboda haka jami'in tsaron da ya ce a mayar da sanda wurin awon kaya aikinsa ya yi. Ƙorafina yana farawa ne daga lokacin da sandar ta bar hannun mai ita.

Wani yaro daga cikin masu wasa a wurina ya dawo daga gasa ta jirgin wani kamfani. A tafiya an karɓi akwatin sandarsa kamar kowane kaya, a dawowa kuma aka ce dogon kaya ne sai ya ƙara kuɗi, aka kuma sa shi ya sa hannu a wata 'yar takarda da ke cewa kamfani ba shi da alhakin abin da zai same shi. Da akwatin ya fito, kusurwarsa ɗaya ta rotse, ƙarfen da ke haɗa rabi biyu na sandar ya karkace, har ba ya shiga mazauninsa sai da ƙyar. Ya nemi wanda zai kai wa ƙara, aka ce ma'aikacin ya tashi, ya dawo gobe. Da ya koma washegari, tambayar farko da aka yi masa ita ce me ya sa ya fita da kayan bai yi magana ba.

Abin takaici shi ne doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan sufurin jiragen sama, wadda dokar sufurin jiragen sama ta 2006 ta shigar cikin dokokin Najeriya har ta shimfiɗa ta kan jiragen cikin gida da wasu gyare-gyare, ta ɗora wa kamfani alhakin kayan da aka auna idan suka ɓace ko suka lalace a hannunsa. Ta yanke iyakar diyya, wadda a tafiyar ƙasashen waje ta kai kimanin dala 2,000 tun daga ƙarshen Disamba 2024, amma ta ba fasinja damar ya bayyana darajar kayansa tun a wurin awo, ya biya ƙarin kuɗi idan an nema, domin a ɗaga masa wannan iyaka. Ta kuma ba shi kwana 7 ya shigar da ƙorafi a rubuce idan kayan sun lalace, da kwana 21 idan sun makara. Fasinja nawa ne aka taɓa faɗa wa haka a gaban teburin awo? Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, ma'aikacin da ke gabansa ma bai riƙe takardar cike shi ba, amfaninsa kaɗan ne.

Abin da nake nema bai buƙaci sabon gini ko sabuwar na'ura ba. Kowane kamfani ya rubuta ƙa'idarsa kan kayan wasa da dogayen kaya masu rauni, da kuɗin da ake biya, ya liƙa ta inda ake sayar da tikiti da Hausa da Turanci, domin kada farashi ya riƙa canzawa da fuskar ma'aikaci. Irin waɗannan kaya kuma a karɓe su hannu da hannu, a ɗora su a saman sauran lodi, a miƙa wa mai su hannu da hannu, kamar yadda ake yi wa keken marasa lafiya. Mafi muhimmanci a wurina shi ne kada wakilin kamfani ya bar wurin karɓar kaya sai akwati na ƙarshe ya fito kuma duk mai ƙorafi ya samu takardar shaida, musamman a filayen da jirage kaɗan ne ke sauka a yini, inda wuri kan watse da zarar fasinjoji sun fita. Makaɗin da ke ɗauke da gurmi ko garaya, da 'yan folo na Katsina da Kano da Kaduna, da mai ɗaukar hoto, duk za su amfana.

Su ma 'yan wasan akwai nasu. Sandar da ake kwancewa biyu, kowane rabi bai wuce inci 29 ba, don haka za ta shiga akwatinta mai tauri, shi kuma a cusa shi a tsakiyar tufafi cikin babban akwati, wanda hakan ya fi aika ta ita kaɗai. A ɗauki hotonta kafin a rufe, a adana rasidi, a buɗe a duba tun kafin a fita ƙofa. Wanda ya taso daga danshin Legas ya sauka cikin hunturun Bauchi kada ya yi gaggawar fito da ita, ya bar ta a akwati ta saba da busasshiyar iska, kuma kada ya manta da ita a but ɗin mota a rana, domin itace yana shan danshi yana fitarwa, a nan ne yake lanƙwashewa. Mai sayen tsohuwar sanda a waje kuma ya bincika ko an yi mata ado da hauren giwa, domin an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma kwastan na iya ƙwace ta.

Ina fatan sashen kare haƙƙin fasinjoji na NCAA zai amsa a wannan shafi, ya gaya mana iyakar diyyar kaya a jiragen cikin gida a yau, da takardar da fasinja zai cike domin bayyana darajar kayansa, da kuma inda zai same ta idan zai tashi daga Bauchi ko Gombe.

Naka,
Wani mai gidan snuka,
Bauchi.