Kulob ɗin da aka kora daga gasa, jama'arsa suka dawo da shi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka na sashen wasanni. Na rubuto ne game da muhawarar da kuka yi a shirin makon jiya, kan attajiran da ke saye kulob-kulob na Turai. Ɗaya daga cikin baƙinku ya ce mai goyon baya ba shi da ta cewa, nasa ihu ne da sayen riga, hukunci kuwa na mai kuɗi ne. Ban yarda da wannan magana ba. Hujjata kuma daga wasan zari-ruga na ɗauko ta, daga tarihin wani kulob na birnin Sydney a Ostireliya, inda nake zaune, mai suna South Sydney Rabbitohs.

Zari-ruga iri biyu ce, ta 'yan wasa 15 da ta 'yan wasa 13, kuma kuɗi ne ya raba su. A arewacin Ingila, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa ne ke buga wasan, kuma duk Asabar ɗin da suka fita fili sun yi asarar ladan aikin ranar. Hukumar wasan ta hana a biya su diyya. A 1895 sai kulob 22 suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle, daga nan aka sami ta 'yan wasa 13, wadda ake kira League. Wannan iska ta isa Sydney, kuma ranar 17 ga Janairun 1908 aka kafa South Sydney a zauren taro na unguwar Redfern, unguwar leburori da ma'aikatan jirgin ƙasa. An ce sunan Rabbitohs ya samo asali ne daga masu tallan naman zomo a lungunan unguwar, abincin talaka a wancan zamani. Launinsu ja da kore ne har gobe.

Su suka ci kofin farko a 1908. Sun ci sau biyar a jere daga 1925 zuwa 1929, suka sake tashe a shekarun 1950 a zamanin shahararren ɗan wasansu Clive Churchill, wanda har yanzu da sunansa ake ba gwarzon wasan ƙarshe lambar yabo. A wasan ƙarshe na 1970 an karya wa kyaftin ɗinsu John Sattler muƙamuƙi tun farkon wasa, ya ƙi fita, ya buga har aka tashi, suka doke Manly. Zuwa 1971 sun tara kofi 20, babu kulob ɗin da ya kai su. Redfern kuma matattara ce ta 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, waɗanda suka daɗe suna shan wariya. Kulob ɗin ya zama nasu, ya fito da irin su Eric Simms a da, Greg Inglis da Latrell Mitchell daga baya.

Bayan 1971 sai fari ya sauka. Masana'antu suka rufe, jama'a suka ƙaura zuwa bayan gari, aljihun kulob ya bushe, ƙwararrun 'yan wasa suka bi inda ake biya. Ana cikin haka, a 1995, kamfanin News Limited na Rupert Murdoch ya shiga kokawa da hukumar wasan kan wa zai mallaki haƙƙin nuna wasanni a talabijin na biya. Kamfanin ya kafa tasa gasar, Super League, har aka buga gasa biyu a ƙasa ɗaya a 1997. Da kamfanin da hukumar suka yi sulhu aka kafa gasa guda mai suna NRL a 1998 da kulob 20, sharaɗin shi ne a rage su zuwa 14 kafin kakar 2000. Aka ce wa kulob-kulob na Sydney su haɗe ko a watsar da su. St George ya haɗe da Illawarra, Balmain da Wests, Manly da Norths. Shugaban Souths (wato South Sydney a taƙaice), George Piggins, tsohon ɗan wasansu kuma tsohon kocinsu, ya ce su kam ba za su haɗe da kowa ba. Aka auna kulob-kulob da ma'aunin kuɗin shiga da yawan 'yan kallo da sakamakon wasa, Souths ya zo na 15. Ranar 15 ga Oktoban 1999 aka sanar da korarsa.

A nan nake so baƙonku ya tsaya ya duba da kyau. Kulob ba shi da kuɗi, ba ya cikin gasa, abokin shari'arsa kuma na cikin manyan kamfanonin yaɗa labarai na duniya, mai riƙe da jaridun da mutanen Sydney ke karantawa kullum. Magoya baya suka shiga karo-karo domin biyan lauyoyi. A Nuwamban 2000 alƙalin Kotun Tarayya ya yanke hukunci, Souths ya faɗi. Cikin kwanaki kaɗan mutane kusan 80,000 suka yi tattaki daga Redfern zuwa tsakiyar birni, tsofaffi da 'yan mata da iyaye goye da yara. Cikinsu har da magoya bayan wasu kulob-kulob, sanye da rigunan nasu kulob ɗin, saboda sun gane cewa abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Aka ɗaukaka ƙara, a Yulin 2001 alƙalai biyu cikin uku suka ba Souths gaskiya, aka mayar da shi gasa a kakar 2002.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ya fi kowane muhimmanci. News Limited ya wuce Kotun Ƙoli, kuma a 2003 kotun ta ba kamfanin nasara. Wato a ƙarshen shari'a doka ba ta tsaya wa Souths ba. Duk da haka babu wanda ya sake ɗaga maganar korarsa, domin kowa ya ga abin da ya cika titunan Sydney, kuma gasar da ke neman 'yan kallo ba ta da ƙarfin halin sake jawo wa kanta wannan fushi.

Ba zan ɓoye abin da ke ƙarfafa maganar baƙonku ba. Dawowar ta zo da wuya, kulob ya ƙare a ƙasan teburi a 2003 da 2004 da 2006. A Maris na 2006 membobi suka kaɗa ƙuri'a suka sayar da kashi 75 cikin ɗari ga ɗan fim Russell Crowe, wanda tun yarinta yake goyon bayansu, da ɗan kasuwa Peter Holmes à Court. Piggins ya yi adawa da cinikin ƙwarai, kuma na fahimci ciwonsa. To amma a duba yadda aka yi cinikin. Sai da aka nemi yardar membobi, sai da aka sami kashi uku cikin huɗu na ƙuri'unsu, kuma sun riƙe kashi 25 tare da ikon hana a taɓa suna da launi da tambarin kulob. Mai kuɗi ya shigo ne ta ƙofar da masu gida suka buɗe masa, bisa sharaɗinsu.

Ranar 5 ga Oktoban 2014 suka kai wasan ƙarshe da Canterbury Bulldogs, gaban mutane sama da 83,000. A karon farko na wasan, ɗan wasan Souths, ɗan Ingila Sam Burgess, ya yi gware da James Graham na Bulldogs, ƙashin kuncinsa ya karye. Ya buga minti 80 cif, gefen fuskarsa a kumbure, idonsa na dama ya kusa rufewa. Aka tashi 30 da 6, kofi na 21 bayan shekara 43, aka rataya masa lambar Clive Churchill yana kuka. Sun sake kai wa wasan ƙarshe a 2021, Penrith ya doke su 14 da 12. A ranar wasa, idan ka shiga jirgin ƙasa ta tashar Redfern, za ka ga kaka da jikanta cikin ja da kore, kuma da ka ja tsofaffin da hira, tattakin 2000 suke fara ba ka labari kafin su zo kan kofi.

Masu sauraronku ba su manta da Afrilun 2021 ba, lokacin da kulob 12 na Turai suka sanar da tasu Super League, magoya bayan Chelsea suka tare hanyar filin wasansu na Stamford Bridge, shirin ya wargaje cikin kwana biyu. Mutanen Redfern sun riga su da shekara 20, kuma su shekara biyu suka yi suna fama ba tare da kulob a fili ba. Ina roƙonka, Malam Edita, ka ware wa wannan tarihi shiri guda, ka sake gayyato baƙon nan a sa masa hukuncin 2003 a gaba, mu ji abin da zai ce.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Sydney, Ostireliya