Godiya ga Gidauniyar Blender da duk wanda ya taɓa sa hannu a asusunta

Zuwa ga ma'aikatan Gidauniyar Blender da ke Amsterdam, da masu tallafa mata a duk inda suke,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, wannan wasiƙa ta daɗe a raina. Na zaɓi in rubuta ta a fili ne saboda abin da kuka yi mini bai kamata ya tsaya tsakanina da ku kaɗai ba.

Sana'ata zane a kwamfuta. Ina ƙera siffofin kayayyaki da gine-gine, in sa musu haske da launi, in fitar da hoto ko gajeren bidiyo ga wanda ya ba ni aiki. Na yi shekaru ina amfani da manhajar wani kamfani da ba zan kama sunansa ba. A da sau ɗaya ake saye, ta zama taka. Daga baya suka mayar da ita haya, duk wata sai ka biya, na kuwa haƙura na ci gaba da biya. Ranar da tura ta kai bango ita ce ranar da katina na banki ya ƙi wucewa, saura kwana 2 in miƙa aiki. Ina kunna kwamfuta sai ga sanarwa a tsakiyar allo, wai wa'adina ya ƙare. Ga fayilolina ina kallonsu, aikin wata 3, amma ko ɗaya ba ni da ikon buɗewa. Na aika musu da saƙo, na'ura ta amsa mini da lambar jira. Na sake aikawa, ta ƙara mini wata lambar. Sai da aka kwana 5 kafin ɗan Adam ya tanka, shi ma abin da ya ce kawai in sabunta biya. Kafin nan aikin ya riga ya kuɓuce. Har yau idan na tuna, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka rufe mini ƙofa a kan abin da na yi da hannuna.

A cikin wannan ɓacin rai na sauke Blender, manhajar zane a kwamfuta da ake bayarwa kyauta. Ba a tambaye ni suna ba, ba a nemi imel ko lambar kati ba. Gaskiya ban yarda da ita nan take ba, don an ce banza ba ta kai zomo kasuwa, sai na shiga binciken inda aka ɗana tarkon. Abin da na tarar ya sa jikina ya yi sanyi. A 2002 kamfanin NaN, wanda ke da Blender a lokacin, ya durƙushe, manhajar ta maƙale a hannun masu zuba jari. Dattijo Ton Roosendaal, wanda ya fara rubuta ta tun 1994, ya kafa gidauniya ya roƙi jama'a su haɗa Yuro 100,000 a fanshe ta. Cikin mako 7 aka haɗa. Ranar 13 ga Oktoba, 2002 aka sake ta ga duniya ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da ita, da duba yadda aka rubuta ta, da gyara ta. Wato wasu mutane da ba su san ni ba, ba su kuma san za a yi ni a wannan sana'a ba, su suka biya tun tuni domin kada wani ya kulle mini aiki. Idan akwai ɗaya daga cikinsu da zai ga wannan rubutu, Allah ya saka da alheri.

Ba ku kuma tsaya ga cin tsohon suna ba. A 2018 kuka tara masu rubuta manhajar a Amsterdam har wata 3 domin a yi mata gyaran gaske, aka haɗa kuɗin zaman ta hanyar sayar wa magoya baya ɗan filas na adana fayilolin kwamfuta mai siffar roka. A Yulin 2019 Blender 2.80 ta fito da sabuwar fuska, ga Eevee mai nuna maka haske da inuwa nan take kana cikin aiki, aka kuma mayar da zaɓen abu zuwa maɓallin hagu na linzami kamar yadda yawancin mutane suka saba. Wannan ƙaramin canji ne a ido, amma ya nuna kun saurari baƙi, ba tsofaffin hannu kaɗai ba. A watan ne kamfanin wasannin kwamfuta Epic Games ya ba da gudummawar dala miliyan 1.2, wasu manyan kamfanoni suka biyo baya. Na so yadda kuɗinsu bai saya musu manhajar ba.

Amma wanda ya sa na ɗauki alƙalami mutum ɗaya ne. Wata rana manhajar ta riƙa rufewa da kanta duk lokacin da na zo fitar da wani hoto. Na shigar da rahoto a shafinku cikin dare, da Turancina mai rauni, ban sa ran komai ba. Gari na wayewa na tarar da amsa daga ɗaya daga cikin masu kula da rahotanni. Ya gode mini, ya nemi in turo fayil ɗin da bayanin kwamfutata, ya kuma nuna mini daidai inda zan latsa in samo bayanin. Da ya gwada a tasa na'urar bai ga matsala ba, amma bai ce mini to shi ke nan ba. Ya koma ya duba abin da na turo layi bayan layi, ya gano direban katin hoto na kwamfutata, wato 'yar manhajar da ke sarrafa katin, shi ne ya tsufa. Laifin ba na Blender ba ne ko kaɗan. Duk da haka ya faɗa mini wanda zan sauke, ya ce zai bar rahoton a buɗe sai na tabbatar masa. Da na dawo na ce ta yi, ya amsa da fatan aikina ya yi kyau. Malam, ban san fuskarka ba, ko sisi ban biya ka ba a lokacin, amma ka mutunta ni fiye da waɗanda na yi shekaru ina zuba musu kuɗi. Na gode ƙwarai.

Wannan ne ma ke sa ni mamakin inda harkar manhaja ta dosa. Shiga da latsawa ɗaya ne, fita kuwa sai ka sha wuya kafin ka ga inda aka ɓoye maɓallin soke biya. Ana ƙara farashi ba a ƙara komai ba. Ana adana aikinka a tsarin da babu mai iya buɗewa sai su, don ko ka gaji ba ka da wurin zuwa. Ɗalibi mai basira da ba shi da hali, ko dai ya haƙura da koyo ko ya koma ga manhajar sata, ya kwaso wa kwamfutarsa cuta. Idan ka yi ƙorafi a ce ai inganci tsada gare shi. To ga wani fim da aka yi a ƙasar Latbiya da Blender ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025, sai su zo su yi mana bayani.

Yanzu duk wata ina sa abin da ya sauwaƙa a asusun raya Blender. Ba shi da yawa, kuma na san ko na daina babu abin da za a rufe mini. Ina karanta rahoton da kuke fitarwa kowace shekara, inda nake ganin abin da ya shigo da inda ya tafi. Ɗalibai 2 da nake koya wa zane, da Blender suka fara, kuma na riga na nuna musu shafin gudummawar domin ranar da suka karɓi kuɗin aikinsu na farko.

Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfin gwiwa.

Naku,
wani mai zane da Blender