Kafin a ce "kimiyya ta tabbatar", a kawo tiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Damina na ƙaratowa, masu tallan iri da taki sun cika kasuwannin ƙauye da magana guda: "kimiyya ta tabbatar". Wannan furuci yana damun mu matuƙa. Kimiyya hujja take tarawa, ranar da awo ya saɓa wa abin da aka faɗa sai a gyara maganar. A Rothamsted ta ƙasar Ingila akwai gonar alkama da aka fara gwajin taki a cikinta tun 1843, har yau ana girbewa ana aunawa.

Manomin gero ma zai iya gwada sabon iri da kansa. Ya yanki wuri shida a gonarsa, kowanne kunya goma, tsawon taku ashirin. Uku sabon iri, uku irin gida. Kada ya zaɓi wuri da ido, ya yi ƙuri'a, domin hannu kan kai abin da zuciya ke so inda ƙasa ta fi kyau. A shuka rana ɗaya, taki daidai wa daida, noman firi da maimai lokaci guda.

A guji gindin gawo, gefen suri da inda shanu suka kwana da rani. Ƙasar nan ta riga ta ƙoshi, ko wane iri aka zuba zai yi kyau, sai a yaba wa iri alhali aikin ƙasa ne. Wajen girbi a bar kunyar farko da ta ƙarshe, don suna shan takin maƙwabta. Kada kuma a ƙirga dami. Dami wani ya fi wani, kuma doguwar zangarniya kan zo da ƙarancin ƙwaya. A shanya, a sussuke, a sheƙe, sannan a auna kowane wuri daban da tiya ɗaya.

Idan wuraren sabon iri duka uku sun fi na gida, an samu alama. Idan kuwa tazarar da ke tsakanin na gida su kansu ta kai wadda ke tsakaninsu da sabon, ba a gano komai ba tukuna. Ko an samu alamar, a maimaita baɗi: iri mai saurin nuna yakan yi zarra a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, amma idan damina ta yi tsawo, tsuntsu da ruɓa na iya cinye ribar.

Muna roƙon jaridarku, duk mai tallan da ya ambaci kimiyya a tambaye shi: a ina aka gwada, damina nawa, kuma da wane iri aka kwatanta?

Wasu malaman gona,
Gumel, Jihar Jigawa