Kafin Mu Yi Wa Masu “Kare Tarbiyya” Na Amurka Tafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wani ra'ayi da ke yawo a majalisunmu da kuma Facebook. Wai masu tsattsauran ra'ayin addini da ke juya akalar siyasar Amurka a yau, ko da addininmu ba ɗaya ba, abokan tafiyarmu ne wajen kare tarbiyya, tunda sun tsaya kai da fata har aka soke 'yancin zubar da ciki. Ni kam ina ganin mun yi gaggawar tafi.

Kirista mai zuwa cocinsa, mai tarbiyyantar da 'ya'yansa bisa abin da ya yi imani da shi, daban yake da mai aƙidar da nake magana a kai. Ita wannan aƙida ta siyasa ce: Allah ya keɓe Amurka ga Kiristoci, dokokinta su fito daga irin fahimtar da su suka yi wa Littafi Mai Tsarki, wanda ba nasu ba kuwa baƙo ne da ake haƙuri da shi. Ita ake kira kishin ƙasa na Kiristanci. A binciken da cibiyoyin PRRI da Brookings suka fitar a 2023, kashi 10 cikin ɗari na Amurkawa sun rungume ta gaba ɗaya, wasu kashi 19 kuma sun karkata gare ta. A jam'iyyar Republican, rukunonin biyu sun haura rabi. Kuma cikin masu yaƙar ta da gaske akwai Kiristocin kansu, domin a 2019 wata ƙungiyar 'yan Baptis mai kare 'yancin addini ce ta jagoranci gangamin limaman coci na yin Allah wadai da ita.

Tarihin ƙasar ma bai goyi bayansu ba. Gyaran farko da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da Musulmin Tarabulus, wadda majalisar dattawa ta amince da ita a 1797, ta faɗa ƙarara cewa ba a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatin Amurka ba. Taken nan na dogaro ga Allah da ke jikin dala sai a 1956 ya zama taken ƙasa, lokacin da ake zaman doya da manja da Tarayyar Sobiyet.

Zubar da cikin ma ba da shi aka fara ba. A 1971 babban taron ɗarikar Baptis ta Kudu, wadda ta fi kowace ɗarikar Furotesta girma a ƙasar, ya nemi a halatta shi idan fyaɗe aka yi, ko tayin ya nakasa ƙwarai, ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Masanin tarihi Randall Balmer ya daɗe yana nuna cewa akwai lauje cikin naɗi: abin da ya fara tunzura jagororin tafiyar shi ne matakin hukumar haraji na janye rangwame daga makarantun addini masu wariyar launin fata, irin su Jami'ar Bob Jones. Wariya ba ta tallatuwa a bainar jama'a, kare jarirai kuwa yana tallatuwa. Wasu masana na ganin ya zuzuta, amma ba wanda ke musun cewa bayan Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979, mumbarin coci ya koma rumfar yaƙin neman zaɓe. Sun kwashe shekara arba'in suna haƙon kujerun alƙalai. A 2016 kimanin kashi 80 na fararen fata 'yan ɗarikar Ebanjelika suka zaɓi Donald Trump, mutumin da ko masoyansa ba sa kiransa mai ibada. Shi kuma ya biya su da alƙalai uku a Kotun Ƙoli, kuma ranar 24 ga Yuni, 2022 kotun ta rushe hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar.

Malam Edita, ni ba mai goyon bayan zubar da ciki ba ne, kuma ba shi na zo karewa ba. Abin da ya biyo baya nake so mu duba. A jihar Texas, likitan da aka samu da laifin zubar da ciki na iya fuskantar ɗaurin rai da rai, da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, da ƙwace lasisinsa. Dokar ta ce an yarda idan ran uwa na cikin haɗari, amma da farko ba ta fayyace iyakar haɗarin ba. A 2022 faya ta fashe wa Amanda Zurawski tana da cikin mako 18. Cikin da ta daɗe tana nema ne. Likitoci suka ce jaririyar ba za ta rayu ba, amma tunda zuciyarta na bugawa ba su da ikon taɓawa, suka sallame ta gida. Sai da guba ta shiga jininta aka karɓe ta, ta kwanta rai a hannun Allah a ɗakin kulawa ta musamman. Ta kai ƙara tare da wasu mata, Kotun Ƙolin jihar ta yi watsi da buƙatarsu a 2024, sai a 2025 majalisar jihar ta yi wa dokar kwaskwarima. A wajenmu, duk da tsananin da Malikiyya ke da shi kan wannan batu, fatawar da aka sani ita ce idan likita amintacce ya tabbatar uwa za ta halaka, ita ake ceta, domin ita ce tushe. Can kuwa sai da ta kai likita na neman lauya kafin ya ɗauki almakashi.

Idan jaririn ya iso duniya fa? Har gobe Amurka ba ta da dokar tarayya da ta ba mace mai aiki a kamfani mai zaman kansa hutun haihuwa da albashi, abin da ma'aikaciyar gwamnati ke samu a nan Najeriya. Texas da Mississippi, waɗanda ke sahun gaba wajen tsaurara doka, suna cikin jihohin da suka ƙi faɗaɗa inshorar lafiyar talakawa ta Medicaid. Baƙar fata kuma na mutuwa wajen haihuwa kusan ninki uku na farar fata. Mai son jariri da gaske ai ba zai manta da mai jego ba.

Binciken na PRRI ya kuma nuna kusan kashi 70 na masu wannan aƙida sun yarda cewa miji ne shugaban gida, mace ta yi masa biyayya. Na san mai karatu zai ce to ai mu ma haka muke. Sai dai wasunsu ba a ɗaki suka bar zancen ba, sun kai shi akwatin zaɓe. A watan Agustan 2025 ministan tsaro Pete Hegseth ya yaɗa wani rahoton CNN kan cocin Fasto Doug Wilson, inda aka ji limamai na cewa kamata ya yi kowane gida ya kaɗa ƙuri'a ɗaya ta hannun maigida. Daga baya ma'aikatarsa ta ce shi yana goyon bayan mata su yi zaɓe, amma dai an ji. Matan Amurka tun 1920 suke da wannan 'yanci. Namu na Arewa sai a 1976 suka samu, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kansa, saboda haka bai kamata a ce mu ne za mu raina wannan magana ba.

Abin kuma bai tsaya a can ba. Tun 1973 doka ta hana kashe kuɗin tallafin Amurka wajen zubar da ciki a ƙasashen waje. Amma a 1984 Ronald Reagan ya ƙara da wata ƙa'ida da ake kira manufar birnin Mexico: duk ƙungiyar waje da ke karɓar kuɗinsu ba ta da damar ko tura mace inda ake yi, ko da da kuɗinta ne na kanta. Idan shugaba ɗan Democrat ya hau sai ya soke, na Republican ya hau ya maido. Trump ya faɗaɗa ta a 2017 ta shafi kusan duk tallafin lafiya, ya sake maido ta a Janairun 2025, gwamnatinsa kuma ta yanke wa UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da lafiyar haihuwa, kuɗi. Ita UNFPA ɗin tana cikin masu tallafa wa aikin yoyon fitsari da karɓar haihuwa a sansanonin 'yan gudun hijira na Borno. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a 2023 mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Wani binciken masana daga Jami'ar Stanford da ya fito a 2019 ya gano cewa a shekarun da ƙa'idar ta yi aiki zamanin George Bush ƙarami, zubar da ciki ƙaruwa ya yi da kusan kashi 40 a ƙasashen Afirka da suka fi dogara da tallafin, domin an rage hanyoyin ba da tazarar haihuwa.

Wanda ke ganin sun ɗauke shi aboki kuma, ya tuna da Oklahoma, jihar da Musulmi ba su taka kara sun karya ba, amma a 2010 kashi 70 na masu zaɓe suka amince a haramta wa kotuna duba shari'ar Musulunci, sai da kotun tarayya ta taka birki. Ya tuna da barazanar da Trump ya yi a Nuwamban 2025 ta shigowa Najeriya da bindigogi don ceton Kiristoci, kamar waɗanda ake kashewa a Zamfara da Katsina da Borno ba mutane ba ne.

Roƙona gare ku biyu ne. Idan za ku kawo labarin waɗannan mutane, ku daina cewa “Kiristocin Amurka” a dunƙule, ku faɗi ko su wane ne, don kada maƙwabcinmu na Wusasa ko Kafanchan ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Sannan ku tura wakilanku asibitocin karkara da sansanonin Maiduguri, su tambayi ungozomomi da malaman jinya abin da ya ragu a ɗakin haihuwa tun da aka yanke tallafin, da abin da gwamnonin jihohinmu suka sa a kasafin kuɗi don cike gurbin.

Na gode.

Mai karatunku a kullum,
daga Zariya, Jihar Kaduna