Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta tarihi da al'adu a jihar Minesota ta Amurka

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Shugaba ya ce ni zan rubuta rahoton bana tunda littafin kuɗi a hannuna yake. Tarukan wata-wata an yi su, in ban da biyu na tsakiyar hunturu da dusar ƙanƙara ta hana fita.

Babban abin da Allah ya nufe mu da yi bana shi ne ziyarar gidan tarihi na Mill City a bakin kogin Misisipi, nan Miniyapolis. Da yawanmu mun shekara muna wucewa ta gaban kangon nan, muna ganin rubutun Gold Medal Flour a sama, ba mu san abin da ke ciki ba. Ashe nan ne injin niƙan Washburn A, wanda a 1880 babu kamarsa a duniya wajen niƙa alkama. Gini na farko ya fashe ne a watan Mayu na 1878, mutum 18 suka rasu, kuma ƙurar fulawa ce kawai ta haɗu da wuta. Da ma'aikacin wurin ya gwada mana yadda ɗan garin fulawa ke tashi da wuta a cikin akwati, yara suka yi tsalle baya, wata Hajiya daga cikin iyayenmu ta dafe ƙirji tana salati. Ta ce ta tuna injin niƙan unguwarsu, inda mai injin ke fitowa fari fat har gira, ba wanda ya taɓa tunanin akwai haɗari a ƙurar.

An sa mu a lif mai hawa takwas, yana tsayawa hawa-hawa ana jin muryoyin tsofaffin ma'aikata suna ba da labarin aikinsu kafin a rufe injin a 1965. Gobarar 1991 ce ta bar ginin kango, Ƙungiyar Tarihi ta Minesota ta gina gidan tarihin a cikinsa, aka buɗe a 2003. Daga can sama muka hango gangaren ruwan Saint Anthony, wanda shi ne ya riƙa juya injinan, da gadar duwatsu da attajirin jiragen ƙasa James J. Hill ya gina wa jirgin ƙasa a 1883. A nan aka tuna mana cewa mutanen Dakota, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, sun san wurin nan da sunansa tun kafin a aza tubali ɗaya, kuma sunan jihar ma daga harshensu ya fito. Bayan mun sauko muka shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, matan da suka kwana suna aiki suka fito da gurasa da alkaki da cincin. Allah ya saka musu da alheri, don da kuɗinsu suka yi. Wani yaro ɗan shekara tara ya riƙe gurasa yana tambayar babarsa ko a nan aka niƙa ta. Wallahi wannan tambayar ta biya ni wahalar shekara.

Sai maganar da ba ta da daɗi. Tafiyar tafkin Itasca, inda Misisipi ke farowa har mutum ya tsallaka shi da ƙafa a kan duwatsu, ba a yi ta ba. Na ji ana cewa kwamiti ne ya yi sakaci. Ba haka ba ne. Tafiyar kusan awa huɗu ce, dole a ɗauki bas, masu bas kuma sai an ba su kafin alƙalami. Lokacin da ya kamata a biya, fiye da rabin 'yan ƙungiya ba su sa ko dala ɗaya a asusu ba. Abin da ya shigo ya tafi a tikitin yara na Mill City da hayar ɗakin taro, kuma rasit na nan ga mai son gani.

Haka zaman da muka shirya kan tarihin garin Mankato, inda aka rataye mutanen Dakota 38 a ranar 26 ga Disamba 1862. Abu ne da bai kamata mazaunin jihar nan ya jahilce shi ba, amma sau biyu ana sa rana, waɗanda suka fi kowa neman a yi ba su zo ba. Ɗaukar muryoyin dattawanmu kan yadda suka zo jihar nan ma ya tsaya bayan mutum biyu, saboda ni da sakatare kaɗai ke yi, kuma duk aikin dare muke. Dattawan nan ba ƙaruwa suke ba, ɗaya ma ya koma gida gaba ɗaya ba mu same shi ba.

Na gaji da buga waya kamar mai bin bashi. Akwai waɗanda kullum suna WhatsApp suna turo shawara, ranar taro ba su, ranar biya ba su. Wanda rashi ya hana shi ya same ni a keɓe, ba mai ji. Sauran kuma a kawo na baya kafin taro mai zuwa, don sai mun ga abin da ke asusu za mu sa ranar Itasca. Muna kuma neman mutum biyu masu mota da za su karɓi aikin zagaya dattawa ranar Lahadi.

Wassalam.
Ma'ajin ƙungiya